Wat nawa akwatin wifi ke ci? Awon da ya kamata a yi kafin a sayi batir

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ɗaukewar wuta ba fanka kaɗai take tsayarwa ba. Tana kashe ɗan akwatin wifi da ke kan tebur, kuma da zarar fitilunsa sun mutu sai harkoki da dama su tsaya tare da shi: ɗalibin da ke sauke darasi, mai shagon da ke buga wa jama'a takardu, matashin da ke sayar da tikitin intanet a unguwa, da uwar da ke jiran kiran bidiyo daga ɗanta da ya tafi bida Aljeriya ko Abijan.

Maganin da kowa ya sani shi ne batir da farantin sola, kuma sau da yawa daga waje ake aiko kuɗinsu. Sai dai akwai tambaya guda da ake yawan tsallakewa kafin a shiga kasuwa: wuta nawa waɗannan na'urori suke ci a zahiri? Wanda bai auna ba, ɗayan biyu ke samunsa. Ko dai ya sayi batirin da ya ninka buƙatarsa sau uku, ko kuma ya sayi wanda bai kai ba, ya mutu a hannunsa tun shekara ba ta zagayo ba.

Yadda aka zo nan

Shekaru da dama kafin 2023, Nijar ta riƙa samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita daga Najeriya. Layi ɗaya na tasowa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wani kuma daga Katsina ya biyo ta Gazawa ya ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar CEDEAO. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, wutar kuma ta dawo a watan Maris, amma watannin nan sun koya wa magidanta cewa dogaro da layi kaɗai bai isa ba.

Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 da ke gefen Yamai ta rage raɗaɗin, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 ke taimakawa tun 2018, yayin da ake ci gaba da jiran madatsar ruwa ta Kandaji. Duk da haka, a lokacin bazara buƙata kan zarce abin da kamfanin NIGELEC ke iya rabawa.

A ɗaya ɓangaren kuma, na'urorin intanet sai ƙaruwa suke a gidaje. Akwai akwatunan 4G na kamfanonin waya irin su Airtel, Moov Africa da Zamani Telecom, akwai ƙananan wifi na aljihu, sannan daga 2025 Starlink ya shigo ƙasar a hukumance. Kowace daga cikinsu da irin cinta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda mutane ke zato.

Lambar da ke jikin caja iyaka ce

Duk wanda ya juya cajar akwatin wifi zai ga ƙananan rubutu. A layin da ke nuna wutar da take fitarwa, yawanci an rubuta 12V da 1A, ko 12V da 1.5A. Harafin V na nufin bolt, wato ƙarfin turin wutar. Harafin A na nufin amfa, wato yawan wutar da ke gudana. Idan aka ninka su biyun sai a sami wat: 12 sau 1 ya ba da wat 12. Cajar ƙaramar kwamfuta kuwa akan rubuta mata 45W ko 65W kai tsaye.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar wannan lamba a matsayin abin da na'urar ke ci. Alhali iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ne ba tare da ta lalace ba. Motar da aka rubuta wa tan 10 ba kullum take ɗauke da tan 10 ba. Akwatin da cajarsa ke da wat 12 yana iya yini yana cin wat 6, kwamfutar da cajarta ke da wat 65 tana iya cin wat 12 lokacin da ake rubutu da ita.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan tsada. A jikin cajar akwai layi na biyu da ke nuna wutar da take karɓa, misali 100-240V da 1.5A. Wasu kan ninka bolt 220 na gidajen Nijar da amfa 1.5, su sami 330, su ce kwamfutar na cin wat 330. Wannan lamba ta tsaro ce da masu ƙira ke sakawa don yanayi mafi tsanani, ba ta da alaƙa da aikin yau da kullum. Mai sayar da kaya da ya yi lissafi da ita zai haɗa wa mutum kayan da za su ɗauki firiji, a kan kwamfutar da fitila biyu suka fi ta ci.

Wat daban, wat-awa daban

Kafin a ɗauko na'urar awo, akwai kalmomi biyu da ya kamata a raba. Wat kamar ƙarfin zubar famfo ne a daidai lokacin da ake kallonsa. Wat-awa, da ake rubutawa Wh, shi ne ruwan da ya taru a jarka bayan an bar famfon yana zuba. Na'ura mai cin wat 8 da ta yi awa 24 a kunne ta sha wat-awa 192. Wat-awa 1,000 shi ne kilowat-awa ɗaya, wanda da shi NIGELEC ke lissafin kuɗin wuta.

A shekara akwai awa 8,760. Ke nan duk wat ɗaya da aka bari a kunne dare da rana yana shan kilowat-awa 8.76 a shekara. Akwatin wifi mai wat 8 zai sha kusan 70. Da yayyafi kogi kan cika.

Batir kuma da wat-awa ya kamata a auna shi, ko da yake ba haka ake rubutawa a jikinsa ba. Batirin sola da aka rubuta wa 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. Fawabank da aka rubuta wa 20,000mAh, ƙwayoyin da ke cikinsa bolt 3.7 ne, don haka abin da ke ciki wat-awa 74 ne, kuma wanda zai fito ya shiga na'ura bai cika wuce 60 ba, saboda asarar da ake yi wajen sauya ƙarfin wutar.

Hanyoyi huɗu na awo

Hanya mafi sauƙi ita ce watmita, ƴar na'urar da ake jonawa a soket, sannan a jona cajar a jikinta. Tana da ɗan allo da ke nuna wat ɗin da ake ci nan take, da kuma jimillar kilowat-awa tun lokacin da aka jona ta. Ga akwatin wifi, kallo ɗaya bai isa ba, domin lambar na hawa tana sauka, kuma masu araha daga cikin waɗannan na'urori kan yi kuskure idan cin bai kai wat biyu ba. Abin da ya fi shi ne a mayar da ita sifili, a bar ta awa 24, sannan a raba jimillar gida 24. Idan ta nuna 0.17, wato wat-awa 170, to akwatin na cin kusan wat 7. Ga kwamfuta kuma, dole a jira batirinta ya cika kafin a karanta, in ba haka ba za a haɗa cin aikin da na cajin. Sai a auna sau uku: tana kunne ba a taɓa ta, ana aikin da aka saba, da kuma lokacin kiran bidiyo.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar sayen komai, domin mitar gida, wadda ake kira kontar, ita ma na'urar awo ce. A jikin mitocin zamani akwai ƴar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh ko 1600 imp/kWh, wato yawan ƙiftawar da ke cika kilowat-awa ɗaya. A kashe komai na gidan, a bar na'urar da ake son aunawa kaɗai, a ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin ƙiftawa biyu da agogon waya. A mita mai 1000, a raba 3,600 da yawan daƙiƙun. A mai 1600, a raba 2,250. Idan mita mai 1000 ta ɗauki minti 6, wato daƙiƙa 360, kafin ta sake ƙiftawa, ana cin wat 10 ke nan. Wannan aikin ido ne kawai: ba a buɗe mita, ba a taɓa hatiminta. Kuma a gidan haya da mutane da yawa ke kan mita ɗaya, sai an sami yardar maƙwabta.

Hanya ta uku ta masu gyaran waya da rediyo ce. Ga na'urorin da ke caji ta USB, akwai ƴar mita mai girman yatsa da ake sakawa tsakanin caja da igiya, ta nuna bolt, amfa da wat. Ga akwati mai bolt 12, mai gyara na iya ratsa maltimita a kan igiyar da ta fito daga cajar ya karanta amfa, ya ninka da 12. A ɓangaren bolt 12 kaɗai ake yin haka. Ɓangaren bolt 220 na iya kisa, sannan ko an karanta amfar da ke wurin, ninka ta da 220 ba ya ba da wat na gaskiya a irin waɗannan ƙananan cajoji, lambar kan fito kusan ninki biyu.

Hanya ta huɗu ta kwamfuta ce kaɗai, kuma batirinta ne ma'aunin. A Windows, idan aka buɗe tagar umarni aka rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin lokacin yana sabo, da abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan yanzu yana ɗaukar wat-awa 40, kuma yana awa 4 kafin ya ƙare, to kwamfutar na cin wat 10. Wannan rahoto na da wani amfanin ga mai shirin sayen kwamfuta ta hannu: cikin minti ɗaya yake nuna ko batirin ya ci rabin rayuwarsa.

Abin da awo kan nuna

Kowace na'ura da halinta, amma akwai zangon da akasari ke faɗawa. Ƙaramin wifi na aljihu na cin wat 1 zuwa 2, shi ya sa ɗan batirinsa ke kai shi awa 6 zuwa 8. Akwatin wifi na gida da akwatin 4G kan ci wat 5 zuwa 10. Abin lura shi ne cinsu ba ya raguwa sosai idan ba kowa a kai: akwatin da ke kunne da ƙarfe 3 na dare kowa na barci yana cin kusan abin da yake ci da rana. Akwatin 4G kuma yakan ƙara ci idan rezo ba ƙarfi, domin yana ƙara wahala wajen kai saƙo ga eriyar kamfani. Matsar da shi kusa da taga na gyara intanet ɗin, ya kuma rage cin wuta.

Ƙaramar kwamfuta ta zamani na cin wat 5 zuwa 10 idan tana kunne ba aiki, 10 zuwa 20 wajen rubutu da shiga intanet, sannan ta haura 25 wajen kiran bidiyo ko haɗa bidiyo. Ba ta kusantar lambar da ke jikin cajarta sai lokacin da batirinta ya yi ƙasa kuma ana aiki da ita tana caji. Tsofaffin kwamfutoci na hannu da suka cika kasuwanni sun fi haka ci. A aiki mara nauyi, hasken allo na cikin manyan masu shan wuta, don haka rage shi zuwa rabi na ƙara wa batir lokaci.

Starlink a wani aji yake daban. A bayanan da kamfanin ya wallafa, babban farantinsa na yanzu na cin wat 75 zuwa 100, wanda ya gabace shi 50 zuwa 75, ƙaramin da ake kira Mini kuma 25 zuwa 40. Ke nan babban faranti ɗaya na cin abin da akwatin 4G goma ke ci. A cikin manhajarsa akwai tsarin ɗumama faranti don narkar da ƙanƙara, wanda ba shi da aiki a Nijar kuma ana iya kashe shi, akwai kuma tsarin sa shi barci a awannin da aka zaɓa.

Cajar da aka bari a soket ba komai a jikinta, wadda ake yawan ɗora wa laifi, ita ce mafi ƙarancin ci. Tun watan Afrilun 2020 dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa ƙananan cajoji wat 0.1 a wannan yanayi, manya kuma 0.21. Jabu ba sa bin wannan doka, kuma alamarsu ita ce ɗumi: cajar da ke zafi alhali ba abin da take cajawa, wuta take ƙonawa.

Idan aka koma ga aljihu, a ɗauka don sauƙin lissafi kilowat-awa ɗaya sefa 100 ne, kowa kuma ya duba ainihin farashin a takardar kuɗin wutarsa. Akwati mai wat 8 zai ci kusan sefa 600 a wata. Starlink mai wat 75 zai sha kilowat-awa 54, kusan jaka 5 da rabi, ban da kuɗin rajistar wata.

Lissafi biyu

A ɗauki misalin ɗaliba a Damagaram mai akwatin 4G da ƙaramar kwamfuta, tana son su yi mata awa 6 idan an ɗauke wuta. Idan aka bi lambobin caja, wat 12 da wat 65 sun zama 77, sau awa 6 ya zama wat-awa 462. Akan ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda asara, ya zama kusan 580. Batir mai dalma, na ruwa ko na jel, ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka sai a ninka biyu. Amsar ita ce batir mai 100Ah.

Idan kuwa aka auna, aka tarar akwatin na cin wat 7, kwamfutar na cin 15, jimilla 22 ke nan. Sau awa 6 ya zama 132, da ƙarin asara 165, ninki biyu 330. Batir mai 30Ah ya wadatar. Bambancin kuɗin da ke tsakanin batiran biyu ya isa ya biya intanet na watanni, kuma ƙaramin batir ƙaramin faranti yake nema.

Misali na biyu akasin na farko ne. Matashi a Tawa ya kafa wifi na unguwa da babban Starlink mai wat 75, da na'urar rarraba tikiti mai wat 5, da eriyoyin waje biyu masu wat 8 kowace. Jimilla wat 96, wato wat-awa 2,304 a rana, kusan kilowat-awa 69 a wata. Idan ya sayi batir ɗaya mai 100Ah don ya ji ana cewa wifi ba ya cin wuta, wat-awa 600 da ke da halin sha za su ƙare cikin awa 6 da ɗoriya. Daga magariba, kafin ƙarfe ɗayan dare an kai iyaka. Idan ya ci gaba da tatsar batirin har ƙasa kowane dare, cikin ƴan watanni zai daina riƙe caji. Don ya ratsa awa 14 da faranti ba ya ba da wutar kirki, yana buƙatar wat-awa 1,344, wato fiye da batir biyu masu 100Ah, da faranti mai kusan wat 600. Batirin litiyom ya fi tsada a saye, amma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa.

Inda wutar ke zurarewa

Akwai wani mai ci da ba a cika saka shi a lissafi ba: na'urar da ke juya wutar batir zuwa bolt 220, wadda wasu ke kira ondila, wasu inbata. Ita kanta tana cin wuta muddin tana kunne, ko ba a jona mata komai ba. Matsakaiciya kan ci wat 10 zuwa 25 a zaune. Idan aka kunna ta don akwatin wifi mai wat 7 kaɗai, ta fi akwatin ci. Ga kuma aikin banza: an ɗaga bolt 12 na batir zuwa 220, cajar akwatin ta sake sauke shi zuwa 12, kowane mataki da asararsa. A misalin ɗalibar nan, ondila mai cin wat 15 a zaune za ta mayar da buƙatarta daga batir mai 30Ah zuwa mai 50Ah.

Mafita ita ce a ciyar da akwatin kai tsaye. Akwai ƙananan akwatunan batir da aka ƙera don wifi, masu fitar da bolt 9 ko 12, waɗanda ke karɓar aiki nan take idan wuta ta ɗauke. Akwai igiyar da ke ɗaga bolt 5 na fawabank zuwa 12. Da ita fawabank mai 20,000mAh na iya riƙe akwati mai wat 7 kusan awa 8. Kwamfutocin da ke caji ta USB-C kuma ana iya cajinsu daga fawabank mai isasshen ƙarfi. Sai dai a kiyaye abu uku: bolt ɗin ya yi daidai da na cajar asali, kada a juya kan wayar da ke da alamar ƙari da ta ragi, kuma kada a jona akwati kai tsaye a babban batir ba tare da fis da na'urar daidaita wuta ba, domin batir mai bolt 12 kan haura 14 lokacin da yake caji.

Zafi da ƙura

Rana ba ta yi wa Nijar rowa ba, kuma binciken amfani da ita ba baƙo ba ne a ƙasar. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin makamashin hasken rana na ƙasa. Amma faranti ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa. Ana gwada shi ne a zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. A kan rufin kwano da tsakar rana farantin kan haura digiri 60, wanda ke cinye kusan kashi 15. Ƙurar hunturu ta ƙara nata. Shi ya sa a lissafin hankali ake sa ran faranti mai wat 100 ya ba da wat-awa 400 zuwa 450 a rana, kuma goge shi da sassafe na cikin aikin.

Batir mai dalma shi ma zafi ne ajalinsa. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na rage rayuwarsa da rabi. Ajiye shi a ɗaki mai iska, nesa da bangon da rana ke duka, ya fi sayen babba a ajiye a cikin zafi.

Ga masu aikowa daga waje

Ɗan bida da ke Libiya, Legas, Akra, Saudiyya ko Faransa, idan aka kira shi daga gida aka ce ana son kuɗin sola don intanet, yana da damar neman lambobi uku kafin ya je Nita ko Amana: waɗanne na'urori za a jona, wat nawa kowace ke ci bayan an auna, da awa nawa ake son su yi ba wuta. Hoton bayan caja da aka turo ta WhatsApp somin-taɓi ne kawai. Da lambobin nan uku, shi da ƙaninsa da ke gida za su iya yin lissafin cikin minti biyar, kuma mai shago zai san ya haɗu da wanda ya san abin da ya zo saye.

Wanda zai taho da kaya a jirgi ya sani cewa fawabank ba ya shiga jakar da ake sakawa a ƙasan jirgi, a hannu ake riƙe shi. Iyakar da aka yarda ba tare da neman izinin kamfanin jirgi ba ita ce wat-awa 100, wato kusan 27,000mAh. Wanda zai sayo watmita kuma ya duba ta zama mai aiki da bolt 220 zuwa 240, mai ƙafa zagayayyu irin na soket ɗin Nijar. Wadda aka ƙera don Amurka ta bolt 120 ce, ba za ta yi ba.

Watmita ɗaya ta ishi gida goma, domin kwana ɗaya take yi a kowane gida ta wuce na gaba. Shagon gyaran waya, ƙungiyar ɗalibai ko fadar matasa na iya ajiye guda a riƙa ara. Abin da za ta bari a kowane gida ƴar takarda ce mai layi uku ko huɗu, sunan na'ura da wat ɗinta, a manna a bango kusa da soket. Ranar da za a je sayen batir, ita ce za a fara sakawa a aljihu kafin kuɗin.